Ayabar da Ban Ci Ba a Hanyar Dadin Kowa

Akwai wata magana da take yawo a gidan nan tun kafin a haifi yawancinku. Kwanan baya na sake jin ta a bakin jikana Sadiƙu, yana wanke kekensa a tsakar gida yana ba abokinsa labari, sai na ce lokaci ya yi da zan gyara ta kafin in tafi da gaskiyar a cikina. Maganar ita ce wai an zalunce ni a tseren keke na zaɓen 'yan wasan jiha, wai Koci Bitrus ya ɓoye ruwan gulukos ya ba abokina Ishaya shi kaɗai don coci ɗaya suke zuwa a unguwar Herwagana, ni kuma ya bar ni da ruwa tsura har na faɗi a hawan Liji. Yayata Adda Hajara ce ta fara faɗar haka, Allah ya jiƙanta, kuma ƙauna ce ta sa ta, don ita ba ta yarda ƙanenta zai faɗi haka kawai ba sai da hannun wani. Ni kuwa na yi shiru, shirun nawa ya zama mata shaida. To ba haka aka yi ba. Babu wanda ya hana ni komai a ranar. Abincina yana cikin aljihun rigata tun daga tashi har faɗuwa.

Sai kun san gidan da na taso kafin ku gane sauran. Mahaifinmu ya shigo Gombe ne bayan ciwo ya cinye masa shanu, ya kafa gida a Hammadu Kafi, ya koma dillancin dabbobi a kasuwa. Shanun sun tafi amma fulako, kunyar nan tamu ta Fulani, bai tafi ba. Har ya rasu ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba. Akan kai masa akushi ɗaki, a saki asabari, can anjima a je a ɗauko akushin. Mu ma haka muka taso: namiji ba ya ci a kan hanya, ba ya ci a kasuwa, ba ya ci a gaban wanda yake jin nauyinsa. A gaban suruki kuwa ba a ma kawo zancen. Ku da kuke cin gyaɗa a gabana kuna danna waya, na san wannan zai yi muku kama da tatsuniya. A wurinmu ba doka ba ce da wani ya zaunar da mu ya karanta mana. Maƙogwaro ne kawai yake rufewa da kansa.

Keke kuma sana'a ce ta haɗa ni da shi. Ina saurayi na kama aiki wurin wani mai sayen fatu, ni nake zagaya kasuwannin Kumo da Dukku da Bajoga, in ɗauro kirgi da fatun awaki a baya in kawo masa. A wannan yawo na san abin da cikina yake so. Tuwon safe yana nauyaya ni, fura tana sa ni barci. Abin da ya karɓe ni shi ne dabino da ayaba, sai lemu in rana ta yi zafi. In na ji ƙafa ta fara sanyi sai in duba gaba in duba baya, in babu kowa in zaro ayaba in ci ina tafiya. Daji yana da faɗi, ban taɓa rasa inda zan ci ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda kuɗin fetur suka fara isowa har Gombe. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masu keke suka koma babur, masu babur suka fara tambayar kuɗin mota. An ba mu sabuwar jiha, ita kuma tana so a ji sunanta a fagen wasanni. Sai aka turo wa Gombe kekunan tsere, sirara marasa nauyi masu lanƙwasasshen kai, aka damƙa su a hannun Koci Bitrus, malamin motsa jiki a wata sakandare wanda aka taɓa tura shi kwas a kudu. Shi ya tsayar da ni wata rana a hanyar Kumo, ya ce ya daɗe yana bina a kan babur yana kallon yadda nake hawa tudu da kaya. Haka na shiga ƙungiyarsa. A can na haɗu da Ishaya, kafinta, Batangale daga Herwagana, gajere mai cinya kamar turmi, baki ba ya hutawa. Kafin a daɗe kowa ya san in dai an fita, ni da shi ne a gaba, saura su yi ta rabon baya.

Tare da kekunan aka kawo gwangwanayen gulukos. Farin gari ne, Koci yakan dama shi a ruwa, ya barbaɗa gishiri, ya matsa lemun tsami, ya cika mana gorunan roba da ake maƙalawa a jikin keke. A wannan zamanin duk abin da ya fito daga gwangwani ya fi abin da ya faɗo daga bishiya daraja, saboda haka yaran ƙungiya suka riƙe shi kamar laya. Akwai wanda yake lasar garin a ɓoye kafin ya tafi zance. Ishaya ya karɓe shi hannu biyu, shi ma gulukos ɗin ya karɓi Ishaya. Ni kuwa ranar da na fara shan gora guda, kafin mu kai Kwadon cikina ya hau ƙugi, na jefar da keke na faɗa gonar wani bawan Allah. Koci ya rage garin, na sake gwadawa, aka maimaita. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya kira ni gefe.

"Buba, bar shi," ya ce. "Ba kowane ciki ne yake ɗauka ba. Gulukos yana shiga jiki da sauri, ayaba tana ɗan jinkiri amma tana riƙe mutum. Ko wanne ka zaɓa, abu ɗaya nake so: ka ci tun kafin ka ji yunwa. In ka bari ka ji ta, ka riga ka makara."

Shi da kansa ya kai rigata wurin tela aka ƙara wa aljihun baya girma don ayaba ta zauna. Wannan shi ne mutumin da ake cewa ya hana ni.

Bayan horo kullum a teburin mahaifiyar Ishaya muke ƙarewa. Mama Rifkatu tana sayar da kayan marmari a bakin titi a Herwagana, kuma ita da ɗanta ba su taɓa gama musu a kan garin gulukos ɗin nan ba.

"Wannan garin naku, wa ya taɓa ganin bishiyarsa?" takan ce.

"Mama, likitocin Turai ne fa suka haɗa shi."

"To me ya sa in ka dawo kankanata kake fara nema? Je ka sha Turai mana."

Koci ba ya shiga musun. Yakan zauna a kan benci yana shan kankana da gishiri, ya ce a kan hanya kowa da abin da ya saba, amma in an sauka babu kamar abu mai ruwa da ɗan gishiri, sannan a bi shi da tuwo. Ni kuma Mama Rifkatu ta daɗe da gane halina. Ba ta taɓa miƙo mini a bakin titi ba. Takan zuba nawa a kwano ta ajiye a bayan zana ta ce, "Bafillacen Mama, shiga ciki, babu mai ganinka sai kaji."

A lokacin ban fi shekara da auren mahaifiyarku Dija ba, tana ɗauke da cikin babban yayanku. Kakanku, Baffa Jauro, yana nan da shanunsa a ruga wajen Kwami. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, in yana magana da kai ƙasa yake kallo kai ma kana kallon ƙasa. Bai so ya ba ɗan birni 'yarsa ba, balle ɗan birni mai warin fata, amma ya bayar saboda ya san gidanmu. Ina sane da cewa abin da ya saya a wurina kunyata ce, don ba ni da saniya ko ɗaya. Tun da na auri 'yarsa ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba.

Da bazara ta shigo aka ce za a yi tsere daga Gombe zuwa Dadin Kowa a dawo. Na ɗaya da na biyu za su shiga ƙungiyar jiha, a kai su Ikko wasa, kuma a ɗauke su aikin gwamnati da albashi. Ban ɓoye muku ba, na so abin nan ƙwarai. Na gaji da ƙudaje suna bina, na gaji da mutane suna matsawa in na shiga sahu a masallaci. Dija ta fi ni so. Ana gobe tsere da la'asar ita ta je wurin Mama Rifkatu ta zaɓo ayaba da hannunta, wadda ba ta yi ɗanye ba kuma ba ta nuna lugub ba, ta cire wa dabino ƙwallo don kada in sha wahala.

"Hamma," ta ce, don haka take kirana, "in Allah ya sa ka ci, fatun nan ka yi musu sallama. Ba na so yaron nan ya buɗe hanci da warinsu."

"In Allah ya yarda," na ce. Ban ga abin da zai hana ba. Babu wanda ya taɓa shiga tsakanina da Ishaya a hanyar nan.

Da safe muka taru a bakin tasha, jama'a ta cika. Ina gwada birki sai na hango Baffa Jauro tsaye can nesa a gindin wata bishiya, sanda a kafaɗa. Ashe ya shigo gari sayar da sa, ya ji ana ta cewa surukin Jauro zai yi tsere, sai ya zo ya gani daga nesa ya tafi abinsa. Ganin suruki ba a wuce shi. Na jingine keke, na je na durƙusa na gaishe shi, ni da gajeren wando, ina ta jan riga tana ƙin sauka. Koci Bitrus ya hango, ya tambayi Ishaya wane ne, ya taho da fara'arsa.

"Baba, sannu da zuwa! Kai ne surukin Buba? Ai ba za ka tsaya a nan ba. Akwai wuri a motata, mu ne za mu bi na gaba tun daga tashi har dawowa."

"A'a, useko," in ji Baffa da Fillanci, wato a yi haƙuri. "Nan ma ya isa."

"Haba Baba, ɗanka ne zai ci yau. Ka zo ka gani da idonka, gobe ka ba mutanen ruga labari."

Baffa ya sake ƙi, Koci ya sake roƙo, har ya kama masa sanda. Mutane sun fara taruwa. In ya ƙara ƙi, ya kunyata mai girmama shi a bainar jama'a, shi kuma ba zai yi haka ba. Ya tattara rigarsa ya shiga bayan jif ɗin, wata mota mai rufin tamfol, Koci ya zauna gaba kusa da direba. Koci alheri ya yi, iyakar saninsa ke nan. Ya san ba na ci a titi, amma ya ɗauka kunyar 'yan kallo ce wadda take ƙarewa in an bar gari. Ni kuwa ina komawa kan keke na san an gama da ni, sai dai ban yarda ba tukuna. Na ce wa raina na sha zuwa Bajoga da karin safe kaɗai, yau ma zan iya. Na manta zuwa Bajoga ba a guje nake yi ba.

Aka busa usur muka tashi. Kafin mu wuce Liji mun ware, ni da Ishaya da wani matashi Sale daga Bagadaza wanda ya liƙe mana a baya. Motar tana biye da mu, ina jin ƙarar injinta a ƙeyata. Tafiyar zuwa ta yi daɗi. Ƙafa tana juyawa, iska tana bayanmu. Ruwa kam na riƙa kurɓa, in sunkuyar da kai in juya gefe in haɗiye da sauri, don matafiyi ko a ruga ana yi masa uzurin ruwa. Ishaya yana ta zuƙar gulukos ɗinsa hankali kwance. A nan na ga bambancin da ba a taɓa kawowa a teburin Mama Rifkatu ba. Abin da yake cikin gora, mai kallo bai san ruwa ne ko abinci ba. Ayaba kuwa sai ka zaro ta, ka ɓare da haƙori, ka cika baki, kumatu su yi ta motsi, sannan ka jefar da ɓawo a gaban motar da surukinka yake ciki.

Da muka wuce Kwadon, inda na saba cin ta farko, motar ta matso gefena.

"Buba! Lokaci ya yi! Ci ayabarka!"

Ban juya ba. Ba a kallon inda suruki yake zaune, saboda haka na kafa ido a kan kwalta na ɗaga kai alamar na ji. Da ma ya yi shiru da ya fi mini, don yanzu ya kira abin da sunansa a kunnen Baffa. Aka ɗan jima ya sake matsowa ya sake faɗa, wannan karon da faɗa. Ishaya ya dube ni, ya gane. Shi ya san gidanmu.

"Hamma Buba, zan shiga tsakaninka da mota. Ka sunkuya ka ci."

"Yana gani."

"Allah ma yana gani! Ci, don girman Allah!"

Ya rage gudu ya koma bayana ya miƙe tsaye a kan feda don ya kare ni, shi da bai kai kafaɗata ba. Na kai hannu aljihu. Na taɓa ayabar, ta yi ɗumi, ta fara laushi. Na riƙe ta na ɗan lokaci, sannan na dawo da hannuna kan keke babu komai. Ba zan ce muku na yi dogon tunani ba. Na dai ga kaina ina tauna a gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa don kunyata, na ji ba zan iya ba.

A Dadin Kowa muka juya. Mangwaro ya nuna a lambuna, ƙamshinsa har kan titi, ban taɓa jin ƙamshi ya yi mini mugunta irin na ran nan ba. Dawowa iska ta koma gabanmu, rana ta ɗaga. Na fara hamma. Duk mai tseren keke ya san hammar nan, ita ce sallamar farko. Sai gumi ya koma sanyi, ƙafafu suka yi kamar an ɗura musu yashi. Koci ya gani, ya sa direba ya matso, ya miƙo hannu ta taga.

"To karɓi gulukos! Ko rabi ka sha!"

Ku ji da kyau, ku da aka gaya wa an hana ni. Gorar tana daf da kunnena, ina jin ruwan yana motsi a ciki. Na girgiza kai. Na san abin da yake yi mini, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan cin ayaba a gaban Baffa ya gagare ni, to jefar da keke in ruga gona ina kwance wando a gabansa fa? Koci ya ja tsaki ya mai da hannunsa.

Ishaya ya zauna da ni fiye da yadda ya kamata. Yana gaba yana kare mini iska, yana waiwaye, yana zagina da yaren Tangale don in ji haushi in taka. Da muka dawo Kwadon na ga Sale ya fara leƙowa, na baya ma sun fara bayyana.

"Tafi," na ce masa.

"Ba inda za ni."

"Ishaya, kada mu rasa mu biyu. Tafi."

Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuya ya tafi, Sale ya bi shi. Na ce shi ke nan, yanzu mota za ta bi na gaba in samu in ci, ko na biyun in ƙwato. Ashe Koci ya ce wa direba ya zauna da ni, don ya ga yadda nake tangaɗi ya ji tsoron kada in faɗa ƙarƙashin wata motar. Nan ma alheri ya yi. Wasu suka zo suka wuce ni, ina ganin bayansu bibbiyu. A hawan Liji hanya ta fara rawa, na taka feda ta ƙi sauka, na kwanta gefe a hankali ni da keken.

Na farfaɗo a inuwar wata bishiya, Koci yana goga mini garin gulukos a harshe da yatsa yana ɗiga mini ruwa. A rubuta wannan ma: gulukos ne ya buɗe mini ido. Can nesa na hango farar rigar Baffa, yana tsaye ya ba mu baya. Aka sa ni a gaban mota aka kawo ni gida. Kafin azahar Mama Rifkatu ta iso da kankana da lemu a daro, ɗanta ya zo na ɗaya amma ba ta tsaya murna ba. Ta yanka, ta barbaɗa gishiri, ta tura mini ɗaki ta ja asabari. Na ci har na ji kunnuwana sun buɗe. Garin gulukos ya ta da ni, kankana ta zaunar da ni, kowanne ya yi aikinsa. In Sadiƙu yana neman hukunci tsakanin ruwan nan mai launi da yake sha a kan kekensa da ayaba, iyakar abin da na sani ke nan. Ya gwada a ranakun horo ya ga wanda cikinsa ya ɗauka, ya kuma ci tun da wuri.

Baffa bai shigo gidan ba. Ya ajiye wa 'yarsa ƙwaryar kindirmo a zaure ya kama hanyar Kwami. Da la'asar Dija ta ɗauki rigata za ta wanke, ta sa hannu a aljihu, ta fito da shi dame-dame da ayaba. Ta shigo ta tsaya a kaina.

"Hamma, ba ka ci ba."

"Ban ci ba."

"Saboda Baffa."

Na kau da kai, sai ta ci gaba.

"Ranar wanka ake ɓoyon cibi? Ubana ne, na fi ka saninsa. Da ka ci me zai yi, ƙwace ni zai yi da cikin nan?"

"Da na ci, da wane ido zan sake gaishe shi?"

Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ba mai ƙara ba. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma ita ce ta ce mini bana in rubuta, tun da mahaifin nata ya daɗe a ƙasa. Da yana da rai ba zan faɗa ba, don ba na so a ce Jauro ne ya kayar da surukinsa. Shi ya sa na bar maganar Adda Hajara ta yi ta yawo.

Ishaya da Sale suka tafi Ikko, aka ɗauke su aiki. Ishaya ya yi ta har ya yi ritaya, ya gina gidan da kuka sani a Herwagana, kuma duk sallah shi yake fara shigowa gaishe ni. Ni na koma kan fatu. Yayanku ya buɗe hanci da warinsu kamar yadda uwarsa ta ji tsoro, da su na ciyar da ku na kai ku makaranta. Na so in sake gwadawa shekara mai zuwa, amma ga jariri, ga mai gidana ya damƙa mini rumfa, horo kuma yana son mutum sukutum. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ƙaryata ba. Na yi shekaru in na ji ana labarin wasanni a rediyo sai in tashi in fita. Abin da ya fi cin raina a kwanakin farko shi ne tafiyar Baffa ba sallama. Na ɗauka ya raina ni ne: ya ga surukinsa da gajeren wando, ya ga ana yi masa tsawa a kan ayaba kamar yaro, ƙarshe ya ga ya kife a kan titi.

Bayan kamar mako guda na kai wa Koci kekensa makaranta. Na same shi a ɗakin ajiya yana jera tayoyi. Har lokacin yana jin haushina, don Ishaya bai gaya masa dalili ba, na roƙe shi kada ya faɗa.

"Har yau ban gane ka ba, Buba," ya ce. "Abinci a aljihu, gulukos a hannuna, ka zaɓi faɗuwa. Ku mutanen nan sai Allah. Shi ma surukin naka haka. Na ba shi wuri mafi kyau a duk tseren, me ya gani?"

Na ce ban gane ba.

"Tun da muka bar gari ya ja mayafinsa ya lulluɓe kai har fuska, ya juya wa taga baya. Na ce, Baba, ga ɗanka a gaba, duba mana! Ko motsi bai yi ba. Na ce ko jiri yake ji, ya ce lafiya lau. A cikin zafin nan fa, ƙarƙashin tamfol. Muka je Dadin Kowa muka dawo bai ga ko tayarka ba. Sai da direba ya taka birki ya ce ka faɗi, sannan ya buɗe fuska."

Na tsaya riƙe da keken. Koci ya ci gaba da jera tayoyinsa yana mita, bai san abin da ya faɗa mini ba. Tsohon ya san tafiyar nan ba ta yiwuwa da ciki wofi, makiyayi ne. Ba zai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa ci ba, sai ya rufe idonsa ya bar mini hanyar gaba ɗaya, yana jira in ci. Ni kuma tun daga tashi har faɗuwa ban ɗaga ido na dubi motar ba, saboda ba a kallon suruki.

Mun yi shekaru masu yawa tare bayan nan. Nakan je Kwami in durƙusa in gaishe shi, yana kallon ƙasa ina kallon ƙasa, ya tambayi yara, in tambayi shanu. Har ya rasu bai ce mini ya rufe fuska ba, ni ma ban ce masa na sani ba.